Mai Fanka da Ramin Ƙasa

Wanda ya fara gaya min cewa akwai ramuka a cikin kwamfuta, kuma ramin da ka gani dogo ba lalle cikinsa ya cika ba, ƙanena ne, Mai Fanka. Ƙaramin kakanki ke nan, don haka ki gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kar ki yi min gyaran baki. A ƙofar shagonsa ya ba ni labarin, yana juya tocila a hannu, kuma har ya gama bai yi dariya ba.

Shi dai tun yana ƙarami ba ya iya ganin abu yana zafi ya wuce shi. Rediyon mahaifinmu ma sai da ya huda masa baya da ƙusa, wai don ya sha iska. Ya sha duka a kan haka, amma rediyon ya fi na kowa daɗewa a layinmu, shi ya sa dukan bai shige shi ba. Da ya tasa aka kai shi wurin wani mai gyaran fanka, ya koyi naɗa waya, ya koyi canja boris ɗin da fanka ke juyawa a kai, daga baya ya buɗe nasa shagon a ƙarƙashin matakalar wani bene. Shago ne da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita. Fukafukan fanka rataye a sama, ragar fanka jibge a lungu, ƙaurin ƙonanniyar waya ya kama bango har ya kama rigunansa. Ba ya amfani da wani ma'auni. Bayan hannunsa kawai yake ɗorawa a jikin inji, ya yi shiru, ya ce maka wannan ba zai kai ƙarshen wata ba. Kuma ba ya kaiwa.

Abin da yake faɗa kullum shi ne zafi ke kashe inji. In ya je gidan mutane gaisuwa, kafin a kawo masa ruwa ya janye musu firij daga jikin bango. Matarsa, Maman Auta, har ta gaji da jin kunya ta daina.

'Ya'yansa duk sun watse, kowa da inda abinci ya kai shi, sai Auta kaɗai ta rage a gabansa. Ita ta yi karatun zanen gini. Amma ba zanen takarda ba, a kwamfuta take gina gida tun ba a haƙa ƙasa ba, ta sa masa ƙofa da taga da bishiya, ka zauna a kujera ka shiga cikinsa kana zagayawa kamar da ƙafarka. Wani ofishin masu zanen gini ya ɗauke ta gwaji. Suka ba ta zanen wata makarantar yara, suka ce ranar da masu makarantar za su zo, ita za ta zagaya da su a ciki. In sun gamsu ta zauna, in ba su gamsu ba ta kama gabanta. Wanda aka gwada kafin ita bango tsirara ya nuna, ba kujera ba inuwa, kuma ba a sake ganinsa a ofishin ba.

Kwamfutar tata ce ta kanta, wani baƙin akwati a ƙarƙashin tebur a ɗakinta. Wani saurayi da ake kira Mai Tabarau ne ya haɗa mata, shi sana'arsa ke nan. Ranar da aka kawo ta, Auta ta tsaya a gaban ubanta ta ce, "Baba, ka taɓa komai a gidan nan, har dutsen guga, har wayata. Ban da wannan."

Ya ce, "Ni ina ruwana da akwatinki?"

To amma ɗakin nata a kan hanyarsa ta zuwa bayi yake. Duk wucewar da zai yi sai ya ji akwatin yana nishi, fankokin ciki suna ihu kamar an shaƙe su. In ta fita sai ya leƙa ya ɗora bayan hannu. Zafi rau. Ya koma falo ya zauna, abin yana cin sa. Ga shi kuma yana jin ta tana yi wa uwarta mita cewa hotunan ƙarshe suna daɗewa kafin su fito, sai ta yi wanka ta ci abinci ba su gama ba.

A layin shagonsa akwai wani mai sayar da tsofaffin kayan kwamfuta. Mai Fanka ya naɗa masa fankokin shagonsa, shi kuma a madadin haka ya miƙo masa wani abu kamar ƙaramin faranti mai fanka a jiki. Ya ce masa katin hoto ne, shi ke zana duk abin da ido yake gani a gilashin kwamfuta, kuma akwai masu sa guda biyu. Mai Fanka bai tsaya tambayar komai ba. Shi dai ya san ɗakin da fanka ɗaya ta kasa, biyu suna iyawa. Ya naɗe katin a tawul ya ɓoye a ƙasan teburin shago.

Ana jibi... a'a, ana gobe za a yi nunin, Auta ta bi mutanen ofis kallon filin da za a yi ginin. Tana fita ya rufe shago ya dawo gida da sukudireba a aljihu. Ya zare wuta, ya jawo akwatin tsakar ɗaki, ya kwance murfin.

Ciki akwai wani babban allo a tsaye, shi suke kira madabod, komai a jikinsa yake maƙale. Daga ƙasansa akwai ramuka uku a jere, siraran gaske, kamar bakin asusu amma dogaye, na sama da na tsakiya da na ƙasa. Duk tsawonsu ɗaya. Katin Auta, wani ƙato mai fanka uku, yana cikin na sama, ya matsu da wani tulin ƙarfe mai zafi har ba wurin zura yatsa. Ramin ƙasa kuwa yana kusa da ragar da iska take shigowa, ba kowa a wurin.

Mai Fanka ya girgiza kai ya ce, "Yaran zamani. Ka ajiye babban inji a bakin murhu, ka bar taga ba kowa."

Ya cire babban a hankali, ya mayar da shi ramin ƙasa. Ya shige daram. Ya sa ƙaramin da ya kawo a ramin sama, ya mayar da wayar gilashi jikin babban yadda ya same ta, ya rufe, ya kunna. Hoto ya fito tas. Ya bar ta ta ɗan jima, ya ɗora bayan hannu. Sanyi.

Yana ɗagowa ya ga Maman Auta a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Ta ce, "Malam, me ta ce maka?"

Ya ce, "Zo ki taɓa ki ji."

Ta ce, "Ni ba zan taɓa ba, kuma ban gani ba." Ta wuce.

Auta ta dawo a gajiye, ƙafarta duk ƙasa, ko kallon teburin ba ta yi ba. Shi kuma ya yi shiru da bakinsa. So yake sai ta kunna da safe ta ga gudu, ta fito tana tambayar abin da ya faru, sannan ya gyara hula ya faɗa.

Bayan azahar masu makarantar za su zo ofis. Da hantsi ta kunna don ta bi hanyar sau ɗaya kafin ta tafi. Mai Fanka bai je shago ba. Ya zauna a falo da kofin shayi, kunnensa yana ɗakin.

Shiru. Can sai ya ji ta ce, "A'a."

Ya ji ta kashe, ta sake kunnawa. Shiru kuma. Sai ya ji kujera ta ja baya da ƙarfi.

"Mama! Mama, zo ki gani!"

Maman Auta ta wuce ta gabansa ba ta dube shi ba. Ya tashi ya bi bayanta, ya tsaya daga bakin ƙofa. A gilashin ga ƙofar makarantar nan, shuɗiya, kyakkyawa. Auta ta tura gaba don a shiga. Hoton ya tafi, ya tsaya cak, ya yi tsalle, ya sake tsayawa, kamar mai ɗingishi yana tsallaka titi. Bangon aji ya fito fari fat, sai daga baya bulo ya biyo shi. Bishiyoyin tsakar makaranta suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya kamar an jefo su daga sama. Da ta juya don a ga filin wasa, komai ya daskare.

Ta ce, "Shekaranjiya lafiya lau take tafiya. Wallahi lafiya lau."

Uwar ta ce, "Kira yaron nan mai tabarau mana."

"Na kira, ba ta shiga. Ya yi tafiya."

Mai Fanka ya kawar da kai daga gilashin. Ya ce a ransa wataƙila injin bai saba ba ne, sabon boris ma sai ya ɗan juya kafin ya saki. Ya koma falo ya zauna. Shayin ya yi sanyi a hannunsa bai sani ba.

Daga ɗakin yana jin ta tana magana ita kaɗai. Wai ko bishiyoyin da ta ƙara ne suka yi nauyi. Wai ko kujerun aji ne. Can ta ce, da wata murya da bai taɓa jin ta da ita ba, "Zan kwashe su. Bishiya, kujera, labule, hasken taga, duka. In na fara yanzu wataƙila in gama kafin azahar. Gara in nuna musu bango da in nuna musu wannan."

Maman Auta ta fito ta shiga kicin, ta tsaya a inda zai gan ta, ta yafito shi da hannu. Ya je.

Ta rage murya ta ce, "Ka ji abin da za ta yi?"

"Na ji."

"Bango za ta nuna musu. Irin na wancan da aka kora."

"Ki bari tukuna, ina tunani. Ba zai yiwu a ce abin da na yi ne ba. Ƙari na yi, ban rage komai ba. Kuma ga shi ya yi sanyi."

"Sanyi. To ta kai musu sanyin su sha." Ta ajiye ludayin hannunta. "Malam, in ta fara kwashe kayan nan safiyar ta tafi, ba dawowa. Ka faɗa mata ko in faɗa mata."

Ya ce min daga ƙofar kicin zuwa ƙofar ɗakin nan, bai taɓa tafiya mai nisa irinta ba. Ya same ta ta sunkuya a kan tebur, ta riga ta zagaye bishiyoyin da wani jan layi, yatsanta a kan maɓalli.

Ya ce, "Auta, dakata."

Ba ta juyo ba. "Baba, don Allah ba yanzu ba."

"Jiya na buɗe akwatin."

Hannunta ya tsaya. Ta juyo a hankali, ta dube shi, ta dubi akwatin. Ya yi ta bayani, kati biyu, iska, raga, zafi, maganar tana tuntuɓe a bakinsa. Ba ta yi ihu ba. Ya ce da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

Ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ka a gidan nan."

Ta durƙusa ta zare wuta, ta jawo akwatin, ta miƙa masa hannu ba ta dube shi ba. Ya zaro sukudireba ya ba ta. Don gaggawa ta kasa saita kan sukurun, ya karɓa ya kwance. Tana cikin kallon katunan wayarta ta yi ƙara. Mai Tabarau ne. Ta sa a bayyane ta ajiye a ƙasa tsakaninsu. Ana jin ƙugin mota da kukan jariri a bayansa.

Ta faɗa masa a gurguje. Ya ce, "Wa ya taɓa? Baba? Baba mai fanka? Kai, ina wuni Baba. To babban yana ina yanzu?"

Mai Fanka ya ce, "A ramin ƙasa. Can ne iska take."

"Innalillahi. Baba, ka ɗauki babbar mota ka tura ta lungu."

"Tsawonsu ɗaya, yaro. Na auna da idona. Kuma ya shige ba gardama."

"Bakin ne ɗaya, Baba, cikin ba ɗaya ba. Ka san katin nan ba shi ke ajiye kayan ba. Duk bulo da bishiyar da ka gani, daga allo ake turo masa su ta cikin ramin. Ramin sama hanya goma sha shida gare shi. Na ƙasa huɗu ne kacal, kuma huɗun ma ba kai tsaye suke ba, sai sun zagaya sun yi layi da sauran kayan akwatin. In rubutu za ta yi ko kallo, ba wanda zai gane. Amma makaranta guda za ta tura ta nan, kowane juyi sabon kaya."

Mai Fanka ya ce, a hankali, "Amma ya yi sanyi."

"Ai dole ya yi sanyi, Baba, zaune yake yana jiran kaya. Ma'aikacin da ba a kawo masa bulo ba gumin me zai yi?"

Auta ta ce, "Ka bar wasa, lokaci yana tafiya. Me za mu yi?"

"Ku cire ƙaramin, ku mayar da babban sama. Amma ku ji, a ramin ƙasa kar a ja shi da ƙarfi, akwai—"

Wayar ta yanke. Ta kira, ba ta shiga ba. Ta sake kira, shiru.

Mai Fanka ya san abin da yaron zai ce, don jiya ya gani. A ƙarshen kowane rami akwai wata 'yar sakata ta roba da ke riƙe wutsiyar kati, sai an danna ta yake fita. A sama yatsa yana kaiwa. Ya cire ƙaramin ba wahala. Amma a ƙasa ƙaton katin ya rufe sakatar ruf, ga gindin akwati ya tokare ta ɗaya gefen. Ya zura yatsa, bai kai ba. Auta ta zura nata, siriri, shi ma bai kai ba. Ta kama katin da hannu biyu ta ɗan jijjiga, sai suka ji allon ya yi wata 'yar ƙara.

Ya riƙe mata hannu. "Kar ki ja. In ramin ya taso daga jikin allo, yau ba kwamfuta."

Ta ɗauki sukudireba. "To in danna da wannan."

"Ƙarfe ne. In ya zame ya karci allon, shi ke nan."

"To me kake so in yi, Baba? In zauna in kalle shi?" Idonta ya kawo ruwa. A waje rana ta riga ta bar bangon maƙwabta ta sauko tsakar gida, shi kuma ya san in ta kai bakin famfo azahar ta yi.

Ya laluba aljihun gaban rigarsa. Akwai wani tsohon buroshin haƙori da ya yanke wa kai, ya goge wutsiyarsa a dutse ta yi faɗi kamar harshe. Da shi yake tura waya cikin injin fanka don kar ya kankare ta. Ya fi shekara goma a aljihunsa.

Ya ce, "Maman Auta, tocila."

Uwar ta haska. Ya kwanta a ƙasa rub da ciki, kumatunsa a kan siminti, hularsa ta faɗi. Ya zura robar ta ƙarƙashin katin yana lalube. Ya taɓo wani abu, ya danna, bai motsa ba. Ya janye da sauri, don bai san ko sakatar ce ko wani ɗan ƙaramin abu ne na jikin allon ba. Gumi ya shiga idonsa. Ya ce a matso da hasken. Ya sake zurawa, ya ɗan karkata hannu.

Ƙas.

Wutsiyar katin ta ɗago da kanta. Auta ta zare shi kamar mai ɗaukar jariri daga wanka.

Kafin ya tashi sai da ya karɓi tocilar ya haska cikin ramin ƙasan. A nan ya gani da idonsa. Daga farkon ramin akwai 'yan haƙoran ƙarfe masu ƙyalli a jere, amma ba su yi nisa ba suka ƙare, sauran tsawon duk roba ce fayau. Ya haska na sama. Haƙora cike daga wannan baki har wancan. Ya ce min abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, cewa ranar da ya buɗe akwatin ma tocilar tana aljihunsa.

Suna saka babban a sama wayar ta dawo. Mai Tabarau ya ce, "Kuna raye? Sakatar na nan?"

Auta ta ce, "Tana nan. Ya hau sama."

Mai Fanka yana riƙe da ƙaramin katin. Ya gyara murya ya ce, "Yaro, wannan fa? Ga ramin tsakiya ba kowa."

Auta ta ce, "Baba!"

Mai Tabarau ya ce, "Bar shi ya tambaya. Baba, a wannan allon, da zarar ka cusa abu a tsakiya, na sama zai raba hanyarsa da shi, takwas takwas. Takwas ba laifi, babban zai rage gudu kaɗan ne, ba kamar huɗu ba. Amma zagayen da za ta yi yau kati ɗaya ne yake yin sa, na biyun kallo zai tsaya yi. Sai in za ta fitar da hotunan ƙarshe ne zai sa hannu, shi ma in halinsu ya zo ɗaya. Kuma a wannan akwatin, in ka manna shi a tsakiya zai toshe wa babban baki, ya hana shi iska."

Da Mai Fanka ya ji maganar iska, sai ya haƙura. Ya naɗe katin a tawul ɗinsa.

Suka rufe, suka mayar da waya, ta kunna. Ƙofar makaranta ta fito. Yatsanta ya tsaya a kan maɓallin, ta kasa dannawa. Uwar ta ce, "Bismillah mana." Ta danna. Ƙofar ta buɗe, aka shige sumul, bishiyoyi a tsaye da inuwarsu, hasken taga a kan kujerun aji. Ta juya filin wasa, ya juyo ba gargada. Fankokin ciki suka ɗauki ihunsu na da. Hannun Mai Fanka ya tafi wurin akwatin da kansa, ya kama shi da ɗaya hannun ya mayar aljihu.

Ana kiran salla suka fito. Shi ya rungumi akwatin a bayan tasi, ita tana gaba da gilashin a cinya. A ofis ya hau da shi bene, ya ajiye inda ta nuna, ta ce masa ya tafi gida. Bai tafi ba. Ya sauko ya zauna a kan matakala, kusa da wani injin sanyaya ɗaki da ke ɗiga ruwa yana huci. Ya ce ko kallonsa bai yi ba. Ya ga masu makarantar sun hau, mace biyu da wani dattijo mai sanda. Duk ƙofar da aka buɗe a sama sai gabansa ya faɗi, yana tunanin ko bai danna katin ya zauna sosai ba, ko girgizar tasi ta sassauta shi.

Sai bayan la'asar suka sauko, suna gardama a kan inda ya kamata ƙofar bayin yara ta kalla. Auta ta fito daga baya. Ta gan shi a matakala ta tsaya.

Ya miƙe.

Ta ce, "Dattijon ya sa na zagaya da shi filin wasa har ya gaji. Sun ce in canja ƙofar bayi. Ogan ofis ya ce in zo gobe da wuri, za a ba ni tebur."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya koma ya zauna.

Ta ce, "Tashi ka ɗauko akwatin, Baba. Ɗauka kawai."

Kwanaki ta yi tana gaishe shi gaisuwar baƙo. Ta sayo ɗan ƙaramin kwaɗo ta sa a murfin akwatin, ta ba uwarta makullin, Maman Auta kuwa ta ɗaure shi a bakin zani tana kaɗa masa duk sanda ta wuce. Ranar da ta huce, ta same shi a shago, katin nan cikin tawul yana gabansa. Ta ce, "Baba, ko dai ka mayar wa mai shi, ko ka nemo min allon da ramukansa biyu suke cike da haƙora, da tazara a tsakaninsu yadda kowa zai sha iska. In ka samo, Mai Tabarau ya haɗa, kai kuma ka riƙe masa tocila."

Ita da wasa ta faɗa, shi bai ɗauka wasa ba. Bai mayar da katin ba. Tun daga ranar, in kasuwa ta yi sanyi sai ya ja ƙofar shago ya bi layin masu kayan kwamfuta, ya sa a fito masa da allo, ya haska ramukan ɗaya bayan ɗaya. Har sun san shi, in sun hango shi sai su ce ga likitan haƙori nan ya zo. Wanda ya samu da rami biyu cikakku, sun matse da juna. Wanda ya samu da tazara, Mai Tabarau ya ce ba zai karɓi sauran kayan Auta ba.

Ɗazu da safe ya biyo ta nan ya ari batir, tocilarsa ta yi rauni. An kwatanta masa wani shago a can bayan tashar mota, wai an sauke musu kaya. Katin yana hammatarsa a cikin tawul. Ajiye biron ki leƙa min titi, ki ga ko ya dawo.